Dashen Mangwaro a Gonar Aro

Birnin Kudu.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya kai ka Barno lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da aka tura ka, Ya sa wa wannan aiki na malamin gona albarka. Amin.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taka. Dalili shi ne na gaji da "to, Umma". Duk kwanakin nan, da na ɗauko zancen gonar Farin Dutse sai ka sunkuyar da kai ka ce "to, Umma", yatsanka kuwa yana kan waya yana ta shafa. Na daɗe ina koyar da tarihi, na san fuskar ɗalibin da yake jiran a kaɗa ƙararrawa. Takarda ba a ce mata "to". Ka karanta ta a mota kafin ku kai Gwaram, domin abin da nake so ka yi a can yake.

Ga maganar. Gonar da ta faɗo a rabonka na gado, wadda Malam Modu yake nomawa tun mahaifinka yana da rai, Baffanka Ilu yana so ka bar masa wakilcinta tunda za ka yi nisa. Shi ma ka ce masa "to". Ranar da ya karɓa, Modu da matarsa Falmata da 'ya'yansu sun tashi daga garin ke nan. Ni ba ni da ta cewa a gonar, tumunina a gidan nan na karɓa. Taka ce. Dambun nama da ƙuliƙuli ƙannenka sun riga sun ɗaure maka. Guzurina ni kurakuraina ne, kuma ba kuka zan yi maka a kansu ba, jera maka su zan yi don kada ka sake sayen abin da na riga na biya.

Lokacin da yaƙin gabas ya yi zafi kana ƙaramar sakandare, za ka iya tuna motocin da suke wucewa ta bakin titi da katifu a ɗaure a sama, mata a zaune a kan kaya ba mai magana. A cikinsu su Modu suka zo. Tsoro ya kama kowa, har da ni. Aka ce a kafa 'yan sintiri a ƙauyen Farin Dutse, a sa shinge a bakin hanya, kada wanda ya shigo ba a san shi ba. Ni na miƙe a gaban mata na yi jawabi, da misalan tarihi da komai. Muka haɗa hannu muka saya wa samarin tociloli da takalman roba, maza suka nemo musu bindigogin maharba. Tsaron kansa ban yi nadamarsa ba, a lokacin akwai abin tsoro. Abin da ban yi ba shi ne tambaya guda: yaushe za a cire shingen, kuma wa zai ce a cire? Mutum nawa ne a wajen, masu gemu da masu digiri, ba wanda ya tambaya.

Ka san Sabo. Ɗalibina ne, yaron da bai taɓa kai ƙarshen amsa ba sai ya tsaya ya sosa ƙeya. Kwanan baya na je ta'aziyya Farin Dutse, ɗan acaɓa ya tsaya da ni a shinge. Ga Sabo a kan benci, da baƙin tabarau, bindiga a kan cinya.

"Malama, barka da hanya. Me ke cikin buhun?"

"Amsoshin jarrabawar da ka faɗi ne, Sabo. Buɗe ka kwafa."

Yaransa suka tuntsire da dariya. Shi bai yi ba.

"Malama, yanzu Kwamanda ake cewa."

"Kwamandan wane yaƙi? Na ji a rediyo an ce an ci ƙarfinsa, kuma ko lokacin da ake yi bai ƙaraso nan ba."

Ya ce, "Ai don muna nan ne bai ƙaraso ba."

Ka dubi amsar nan da kyau, domin za ka sake jin ta a bakuna da yawa. Ba ta da ƙofar da za a shiga a ƙaryata ta. In an kawo hari, ana bukatarsu. In ba a kawo ba, aikinsu ne. Yanzu su ke raba rigimar miji da mata, su ke ɗaure wanda ake zargi da satar akuya a gindin tsamiya, ranar kasuwa kuma kowane buhu sai an ɗebar musu kwano. Mai unguwa yana nan da rawaninsa, amma mai ƙara ya san inda ake zuwa.

Inda za ka, za ka tarar da irinsu, kuma su na can sun yi yaƙin gaske, sun binne abokansu, wasunsu sun ceci garuruwa. Ka gaishe su da girmamawa, sun cancanta. Amma kada ka taɓa kai musu ƙarar wani, ko da gaskiyarka ta kai hasken rana. Kada ka yarda mai bindiga ya raka ka auna gonar da ake jayayya a kanta, domin daga ranar duk abin da ka faɗa, bindigar ce ta faɗa. Kuma duk abin da ka ga za a kafa saboda tsoro, kai ka zama mara kunyar da zai tambayi ranar rushe shi.

Kuskurena na biyu ya fi wancan nauyi, kuma shi ya ja wannan wasiƙa.

Ka san al'adar aron gona a wajenmu, amma bari in maimaita don kada ka ce ba ka gane abin da Baffanka yake nema ba. Mai aro yana shuka abin da za a girbe a shekarar. Da kaka ya kai wa mai gona dami ɗaya, don a tuna gonar ta wace ce. Ba ya gini, ba ya haƙa rijiya, ba ya dasa itace. Itace shi ne babba, domin gero baƙo ne, wata uku ya tafi, itace kuwa ɗan gari ne. In mai gona ya miƙa wa mai aro dashe da hannunsa a gaban shaidu, kowa ya san aron nan ba na damina ɗaya ba ne. Gona tana nan ta mai ita, dami yana nan yana zuwa, amma ba wakilin da ya isa ya tashi mutumin muddin itacen yana tsaye.

Abin da mahaifinka ya ara wa Modu fako ne. Akuya ma ba ta tsayawa a wurin. Modu ya yi ta jigilar taki da jaki, mangala bayan mangala. Ya shirya da Fulanin da ke bayan gari, bayan girbi su kawo shanunsu su kwana a gonar, su ci kara da harawa, su bar masa kashi, kamar yadda kakanninmu suke yi da kakanninsu. Damina ta bi damina har ƙasar ta yi baƙi. Wata rana ya zo wajen mahaifinka, ya tsuguna, ya ce yana roƙon izini ya dasa mangwaro ɗaya a gefen gona, yara su samu inuwa in sun kawo abinci. Mahaifinka ya so ya yarda. Ya shigo ya yi shawara da ni, kamar yadda ya saba.

Na ce, "Malam, yaƙi dai ƙarewa zai yi. In ya ƙare su koma gida. Itace kuwa ba ya komawa."

Har daɗin jimlar na ji a bakina. Ya dube ni ya ce, "Ke da kika karanta tarihi, kin taɓa jin wanda ya gudu ya dawo ya tarar da gidansa yana zaune yana jiransa?"

Na ce ni gadon ɗana nake karewa. Ya fita ya ba Modu haƙuri. Bai sake ɗauko zancen ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Wautata daga littattafai na samo ta. Littafin tarihi yana rufe babi ranar da aka daina harbi, sai a buɗe sabon shafi da wani sarki. Na ɗauka yaƙi kamar cin kasuwa ne, in ta watse kowa ya ɗauki kwandonsa ya kama hanyar garinsu. Kakanka da ya ga bayan yaƙin basasa yakan ce su ba su san fashi da bindiga ba sai bayan da aka ce an yi sulhu. Ina jin sa ina murmushi, don shi bai yi boko ba.

Modu ya koma, in ba ka sani ba. Da aka fara cewa hanya ta buɗe ya je ya dubo. Falmata ce ta ba ni labari, ranar da na je sayen turaren wuta a wajenta. Ya tarar an kewaye garin da rami, babbar gonarsa tana can bayan inda aka yarda mutum ya taka. Ƙaramar da ke kusa kuma wasu ne a ciki, mutanen wani ƙauye da aka kwaso aka sauke a nan, su ma ba su da inda za su. A layinsu ya ga ɗan maƙwabcinsa, wanda ya bi mutanen daji, wanda da idonsa ya gan shi ranar da aka ƙone rumbunansu. An ce ya tuba. Yana zaune a bakin shago yana taka keken ɗinki. Yaron ya gaishe shi, ya amsa. A tasha ya kwana, washegari ya juyo.

Falmata tana juya garwashi ta ce da ni, "Malama, kowa cewa yake mu koma gida. Babbar 'yata a nan aka ɗaura mata aure. Autana a maƙabartarku yake kwance. Wanne ne gidan?"

Saboda haka in ka isa, kada bakinka ya furta wa kowa "ai an gama". Kai aka gama wa. Za a kawo maka mutum biyu a kan gona ɗaya, ɗaya ya ce ta ubansa ce, ɗaya ya ce shi ya share ta ya ci da 'ya'yansa shekara da shekaru. Kada ka ɓata lokaci kana neman maƙaryaci a cikinsu, yawanci babu. Ka nemi yadda kowa zai samu abin shukawa bana, ka bar dattawansu su yi doguwar shari'ar. Mutumin da ya shuka yana da dalilin son a zauna lafiya har kaka. Wanda aka hana shuka, duk mai kiran sa daji ya samu kunne.

Na ukun ɗanye ne, bai kai shekara ba. Da kakar bara, a gidan wani suna, wata ta kunna mana saƙon murya a waya. Murya ce ba suna ba gari. Wai a lura da baƙin gabas da ke ƙauyukan Gwaram, wai shanun Fulani da ke kwana a gonakinsu alama ce, da su ake aika saƙo daji. Na yi dariya har na riƙe ciki. Shanu suna kwana a gona tun kafin a haifi kakar mai muryar. Na ce a raina wannan shirme ya fi ƙarfin a tanka masa, na ci gaba da cin waina. Matan nan kuwa suna kallona, ni ce malama a cikinsu, da na buɗe baki na ce ƙarya ne da wasu sun ji. Raini ya hana ni. Na ɗauka maganar banza da kanta take mutuwa.

Ba ta mutu ba. Su Sabo suka hana Fulani shigo da shanu gonaki, aka bar kara a tsaye, su kuma suka rasa abin ba dabbobinsu, yanzu ana hararar juna a bakin rijiya tsakanin mutanen da ke zuwa sunan juna. Aka kira Modu shinge wai ya amsa tambayoyi, aka zaunar da dattijo a rana tun hantsi, yara suna wucewa makaranta suna kallo. Matan da ba sa aurar da 'ya sai da turaren Falmata suka ɗauke ƙafa.

Abin da na koya a makare: bayan yaƙi ba a yin jita-jita don nishaɗi. Kowace tana da mai ita. In ka ji wata, kada ka tsaya a kan gaskiya ce ko ƙarya kawai, ka duba gonar wa take kallo. Kuma ka tanka tun tana ƙarama, a wurin da aka faɗe ta, ko da za a ce ka cika surutu. Wannan gadon kam ka samu a wajena, ka yi amfani da shi.

Ban ce Baffanka ne ya yi muryar ba, ban sani ba, ba kuwa zan ɗora masa abin da ban gani ba. Na dai san wanda ya zo gidan nan da zancen wakilci bayanta. Kana masallaci ranar, muka yi ta a zaure.

"Matar Yaya, ke fa zafinki ya yi yawa. Gonar ɗan'uwana ce. A bar ta a hannun bare alhali jini yana nan?"

"Ilu, lokacin da take fako ina jinin yake? Ko sai da ta sha taki jinin ya tsinke?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ba maganar taki ba ce, maganar tsaro ce. Kwamanda ya ce duk baƙon da ba shi da gona a hannu ya koma garinsu kafin shuka. Yaƙi ya ƙare."

"Shi ya sa kake so ka fara raba shi da gonar, sannan dokar ta hau kansa. Wa ya ba Sabo ikon korar mutum daga gari?"

Ya gyara hula ya ce, "Ku kuka ba shi, Malama. Har da tocila."

Ranar Ilu ya kayar da ni a magana. Ni, da bakin nan nawa. Ka rubuta wannan a tarihi.

Kada ka tsani Baffanka. Yana da baki goma sha a gida, gonarsa ta gaji, takin zamani ya fi ƙarfinsa. Yunwarsa gaskiya ce. In kana son taimakonsa ka taimake shi daga albashinka, ni ma zan sa hannu. Amma ba da gumin wani ba, kuma ba da bindigar Sabo a bayansa ba. Domin ranar da aka gane cewa ana iya karɓe gona da kalmar "tsaro", ba a kan baƙi za a tsaya ba. Baƙi za su ƙare. Sai a juyo kan Fulanin bayan gari, sai kan wanda kakansa daga Bauchi ya zo, sai kan marayan da ya tafi aiki Barno ya bar gona ba mai tsaya mata. Haka ƙasa take lalacewa bayan an daina harbi, ba da ƙara ba, gona ɗaya bayan ɗaya, kowa kuma da hujjarsa mai kyau. Ƙananan 'ya'yan Modu da Hausa suka buɗe baki. In aka kore su suna kallon ƙasar da ubansu ya raya da jaki, ka gaya mini abin da za su girma da shi a ciki, ka gaya mini wa zai same su a tasha ya ce yana da maganin wannan zafin.

Yanzu ga abin da nake so. A gefen jakarka akwai baƙar leda, a ciki akwai dashen mangwaro, mai aure ne, na zaɓo shi da kaina. In kun kai Gwaram ka sauka. Na san za ka rasa motar, wata za ta zo, aikin da ka jira shekara biyu zai jira ka yini ɗaya. Ka hau acaɓa zuwa Farin Dutse. A shinge Sabo zai tambaye ka me ke cikin ledar. Ka gaya masa gaskiya da ƙarfi yadda yaransa za su ji, ka gaya masa na wane ne. Ka yi sallar azahar a masallacin gari, in an sallame ka roƙi liman da mai unguwa su taka da kai gona. Ka aika a kira Baffanka, kada ya ji a bakin wani, ka gaishe shi a tsugune yadda ya kamata, sannan ka gaya masa ka fasa. Zai yi fushi. Fushin baffa ana gyara shi da goron sallah. Ka miƙa wa Modu dashen da hannunka, ba ta hannun kowa ba, ka tsaya har a haƙa rami a sa shi a ƙasa. Damina ta ƙarato, zai kama.

Da ni ce mai gonar da tuni na yi. Sau ɗaya aka tambaye ni, na ce a'a, kuma al'ada ba ta karɓar dashe daga hannun uwar mai gona.

In kuwa ka ga ba za ka iya ba, ba zan tsine maka ba, ban haife ka don haka ba. Amma kada ka jefar da shi a hanya, kada kuma ka aiko mini da shi. Ka wuce da shi Barno. A can kai ne baƙo, kai ne mai wani irin harshe, kai ne wanda za a tsayar a shinge a ce me ke cikin jakar. Ka zaga garin da ledarka a hannu ka nemi wanda zai ba ka taku ɗaya na ƙasa ka dasa. In ka samu, ka rubuto mini sunansa in riƙa sa shi a addu'a.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kare ka daga sharrin mai bindiga da sharrin mai waya, Ya sa ka gama da mutanen can lafiya, Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Allah Ya ji ƙan mahaifinka, wanda ya fi ni gani. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, zama na gaske. Ka riƙe salla, ka riƙa kira ko ba ka da labari.

Ka yayyafa wa dashen ruwa da zarar ka sauka, kuma kada ka bari yaran mota su ɗora masa buhu.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Umma.